Shin babbar manhaja ta biyu ce ke share zangunan System Restore?

Mai gyaran kwamfuta: Jama'a, ina nan a kan bakana cewa duk wanda ya ɗora babbar manhaja biyu, kamar Windows da Linux, a kwamfuta ɗaya ya yi sallama da zangunan da System Restore ke ajiyewa domin mayar da Windows yadda take kafin matsala.

Malamar kwamfuta: Malam, hukuncin nan ya yi faɗi. Cutar ta Windows XP ce, wadda ta fito a 2001. Vista da Windows 7 sun zo da sabon tsarin adana zangunan, shi kuwa direban volsnap.sys na XP, wato ƙaramar manhajar da ke kula da adana zangunan, bai san tsarin ba, saboda haka da zarar XP ta tashi ta ga ɓangaren faifansu, sai ta share zangunan. Microsoft da kanta ta ba da magani: ko a ɓoye wa XP ɓangaren ta MountedDevices\Offline a rajistarta, wato ma'ajiyar saitunanta, ko a kulle shi da BitLocker, manhajar Windows ta kulle faifai.

Mai gyaran kwamfuta: To Malama, wa ke ta XP yanzu? An kawo mini kwamfuta mai Windows 10 da Linux, na buɗe jerin zangunan na tarar wayam.

Ɗalibi: Maigida, ai Windows da kanta tana goge tsofaffin zanguna idan gurbin da aka ware musu ya cika, haka ma idan aka ɗaukaka ta zuwa sabon zubi, don haka jerin da ya zama wayam bai isa shaida a kan Linux ba.

Malamar kwamfuta: Haka ne, ƙanena, amma Malam yana da ɗan kaso na gaskiya. Kafin Windows ta yi rubutu a kan wani gurbi, takan kwafi tsohon abin da ke wurin ta adana, kuma da wannan kwafin zango ke rayuwa. Linux ba ta yin haka, shi ya sa rubutunta a ɓangaren Windows ke iya lalata zango ba tare da kowa ya ankara ba. A Linux a buɗe ɓangaren domin karantawa kawai, idan za a samar wa Linux wuri a rage girmansa daga cikin Windows ta Disk Management, sannan a ajiye sabon zango bayan an gama.

Mai gyaran kwamfuta: Masu kawo mini aiki suna son taɓa fayilolinsu daga kowane gefe, ba za su yarda da karantawa kawai ba.

Malamar kwamfuta: Sai ka yanka musu ɓangare na uku domin fayilolin, ka bar kariyar System Restore a kashe a kansa, tunda dama ba ta dawo da takardu da hotunan mutum.