Mahaifina ya fito daga asibiti bayan ciwon zuciya: kwanciya ko tafiya?

Ɗiyar Birni:
Assalamu alaikum. Mahaifina ɗan kasuwa ne a kasuwar Dole ta Damagaram, shekararsa 62, kuma mako uku ke nan da aka sallamo shi daga asibiti bayan jijiyar da ke kai wa zuciyarsa jini ta toshe. Likita ya ce ya fara takawa kaɗan-kaɗan, amma mahaifiyarmu ta hana shi ko da zuwa masallacin ƙofar gida, tana cewa mai ciwon zuciya ba shi da magani sai kwanciya. Ni kuwa ina ganin ƙarfinsa kullum raguwa yake yi, ga shi ya daina hira da kowa. Don Allah, wanda ya san abin da ake kira farfaɗo da zuciya ya yi mini bayani.

Malamin jinya daga Zango:
Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Kada ki ga laifin Hajiya, domin su kansu likitoci a shekarun 1930 mako shida suke kwantar da mai irin wannan ciwo, sai a 1952 wasu likitoci biyu a Amurka, Levine da Lown, suka nuna cewa zaunar da majinyaci a kujera ya fi masa alheri. Doguwar kwanciya tana narkar da ƙarfin tsoka, kuma tana iya sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa.

Farfaɗo da zuciya shiri ne da ya haɗa motsa jiki daidai ƙima, shan magani a kan lokaci, gyaran abinci, barin taba da kwantar wa majinyaci hankali, kuma an tabbatar yana rage yawan komawa gadon asibiti. A Amurka akan je asibiti motsa jiki sau 36 cikin mako 12 ana lura da bugun zuciya da na'ura, mu kuwa a Damagaram yawancin aikin a gida zai kasance, shi ya sa sai da iznin likitan da ya duba shi za a ƙara ko da taki ɗaya. Akan fara da minti 5 zuwa 10 a fili marar tudu, ana ƙarawa sannu a hankali har a kusanci minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya take shawartar manya. Ma'aunin mai sauƙi ne: muddin yana iya magana yana tafe ba tare da haki ya sarƙe shi ba, bai wuce iyaka ba. Ya fita bayan asuba ko dab da magariba, ba cikin ranar Afirilu da ke haura digiri 40 ba. Idan ya ji nauyi a ƙirji, ko jiri, ko zufa mai sanyi, ya tsaya nan take, idan bai lafa ba a garzaya da shi asibiti.

Tsohon direba:
Ɗiyata, shekara huɗu da suka wuce ina cikin halin da Babanki yake ciki, kuma abin da ya fi ciwon ci mini rai shi ne yadda kowa ya shiga kallona kamar wanda aka riga aka yi wa sutura. Shirun da kika ce yana yi kada ki raina shi, ki gaya wa likita, domin baƙin ciki bayan wannan ciwo abu ne sananne kuma yana da magani. Ranar da na taka da ƙafata zuwa sallar asuba, ƙanena yana gefena, ranar na yarda zan rayu.

Uwar gida daga Sabon Gari:
Ni ta madafa zan yi magana. Gishirin da ake so babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, alhali dunƙulen miya da kanwa da kilishi duk suna cikin lissafin. Ki sa Hajiya ta riƙe wannan ɓangaren, ta ƙara citta da tafarnuwa a miya, domin wadda aka danƙa wa aiki a hannu tsoronta yakan ragu.

Ɗiyar Birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin za mu koma ganin likita, kuma na roƙi mahaifiyarmu ta biyo mu don ta ji adadin mintocin daga bakinsa.