Kwamfutata tana cewa Windows 10 ya ƙare, in koma 11 ko in bar ta haka?

Malamar Fadaman Mada:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masana kwamfuta ku taimaka min da shawara, abin nan ya tsaya min a rai. Ni malamar makaranta ce a nan Bauchi, ina da laftof ta hannu da maigidana ya sayo min wajen masu kwamfuta ta bakin Wunti, yau wajen shekara biyar kenan, kuma wallahi bata taɓa bani wahala ba banda batirinta da ya yi sanyi, sai tana jikin caji take aiki. Da ita nake buga jarabawar yara da sakamakon ƙarshen zango, kuma duk hotunan mahaifinmu Allah ya jiƙansa suna ciki, da muryarsa da ƙanina ya ɗauka yana ba jikoki labari, babu su a ko'ina sai a cikinta.

To tun kwanakin baya in na kunna sai wani rubutu ya rufe fuskar gaba ɗaya wai an daina kula da Windows 10. Ɗan yayata dake karatu a jami'ar ATBU yace in kawo ya yi mata fomatin ya sa min 11, minti talatin an gama, wata abokiyar aikina kuma tace kar in kuskura dan ita tunda aka sa mata tata ta koma tafiyar hawainiya. Ni dai tambayata, in na bar ta haka wata rana zata ƙi kunnuwa ne? In kuma na canza kayana zasu ɓata? Kuma data nawa zai ci, dan da wayata nake haɗa ta da intanet. Nagode.

Mai gyara a Wunti:

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ki kwantar da hankalinki, kwamfutarki ba zata mutu ba, zata ci gaba da kunnuwa kiyi Word ɗinki da Excel kamar kullum. Abinda ya faru shine Microsoft sun daina turo wa Windows 10 gyaran tsaro tun ranar 14 ga Oktoba 2025, shekara goma kenan da fitowarsa dan a Yulin 2015 ya fito. Kamar katangar gida ce da magini ya daina zuwa duba ta, yau lafiya lau take, amma duk tsagar da ta yi daga yanzu babu mai liƙewa, ɓarayin intanet kuwa tsagar suke nema.

Amma kafin komai, tun yau ba gobe ba, ki nemi filash mai kyau ki kwafe hotunan Baba da muryar nan, sannan ki ƙara tura su wani wurin na biyu, ko wayarki ko Google Drive. Wannan ko ba maganar canjin Windows ya kamata kiyi shi, kwamfuta ta hannu da ta ƙara shekara biyar a wurinki ma'adanarta tana iya tsayawa ba sallama, na sha ganin mutum ya shigo shago idonsa ja akan haka. Kuma kar ki bari a yi fomatin sai kin sa filash ɗin a wata kwamfutar kin buɗe hotunan da idonki kin kunna muryar kin ji. Fomatin sharewa ce gaba ɗaya.

Sai maganar 11. Ba kowace kwamfuta yake karɓa ba. Yana son ram, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, aƙalla 4GB, wurin ajiya 64GB, da wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan inda yawancin laftof ɗin hannu na garin nan suke faɗuwa shine furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, in Intel ce sai daga zubi na 8 zuwa sama, in AMD ce daga Ryzen 2000. Ga yadda zaki gane taki: ki shiga Settings, System, About, zaki ga an rubuta misali i5-8250U, lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce zubin (daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyun farko ne), 8 kenan ta wuce. In kika ga ta fara da 4 ko 5 ko 6 ko 7 to bata kai ba. Akwai kuma ƙaramar manhaja ta Microsoft mai suna PC Health Check, ita zata faɗa miki kai tsaye. Wani lokacin TPM ɗin yana nan a kashe ne kawai a BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, kunnawa ake.

In ta cancanta kyauta ne, ta Windows Update zai sauko ya hau kan na da, fayil ɗinki da manhajojinki suna nan ba sai an yi fomatin ba, kuma in bai miki ba kina da kwana 10 ki koma 10 ɗinki. Data kuwa ki tanadi kamar 8GB dan shi kansa ya haura 5GB ga ƙananan abubuwa da zasu biyo baya. Ki duba lambar ki faɗa mana.

Baban Gwallameji:

Malama ni shagon buga takardu ne dani a Gwallameji kusa da Poly, kuma ni dai ra'ayina abinda ke aiki a bar shi yayi aikinsa. Bari in baki labarin abinda ya same ni. Cikin kwamfutocina uku ɗaya ce ta cancanta, wani yaro dake taya ni aiki ya danna mata canjin da rana tsaka lokacin da ɗalibai ke ta kawo furojet, ta kai wajen kashi sittin da wani abu, rubutu na kan fuska cewa kar a kashe, sai ɗif aka ɗauke wuta, gashi ta tebur ce ba batir, kafin a ja janareta aikin gama ya gama. Da ta dawo sai ta yi ta juya ɗigon nan tana kashe kanta tana kunnawa, nayi zaman awa biyu ina kallonta gumi na zuba dan akwai furojet ɗin mutum huɗu a ciki da basu da kwafi. Allah ya taimaka ta koma na da da kanta. Da muka sake yi washegari ya hau lafiya, sai kuma tsohuwar firintata ta ƙi magana da ita, sai da muka wuni neman direbanta, wato manhajar dake haɗa ta da kwamfutar.

Tunda kince batirinki ya mutu, ke da ni duk ɗaya ne, daidai kike da mai ta tebur. In zaki yi kar kiyi da wutar gari, ki je inda ke da sola ko ki tabbatar janareta na da mai, dan abin yana iya ɗaukar awa ɗaya ko biyu ko fi a tsohuwar kwamfuta. Kuma kar kiyi ana saura sati jarabawa, ki bari sai an yi hutu.

Shi kansa 11 ɗin ba laifi, sabo ne kawai. Sun kai madannin Start tsakiya, kwana biyu hannuna na tafiya kusurwar hagu yana dawowa, ashe ana iya mayar da shi hagun a Taskbar settings. Wanda har yau yake ɓata min lokaci shine danna dama akan fayil, abubuwan da na saba gani sai na ƙara danna Show more options suke fitowa. Maganar nauyi da abokiyar aikinki tayi kuma, ina zargin ram ɗinta 4GB ne kuma ma'adanarta tsohuwar mai juyawa ce, irin wannan ko da 10 ɗin ma da ƙyar take tafiya. Tawa da aka sa mata SSD, wato sabuwar ma'adana mai sauri marar juyawa, kamar an canza ta.

Sauran biyun nawa suna nan a 10, na cire su daga intanet gaba ɗaya, bugu kawai suke.

Ɗalibin Yelwa:

Anti ko bata cancanta ba ana sawa fa. Akwai manhaja mai suna Rufus, da ita ake haɗa filash ɗin, sai ka cire sharaɗin TPM da sauran, ni tawa zubi na 6 ce kuma 11 ne a kai wata takwas kenan ba abinda ya faru. Inaga shi ɗan yayarki yake nufi. Ko kuma ki sa Linux Mint a madadin Windows, kyauta ne, ba nauyi, ana ci gaba da sabunta shi, yana zuwa da LibreOffice dake buɗe fayil ɗin Word.

Mai gyara a Wunti:

Ƙanina gaskiya ka faɗa ana yi, nima na yi wa mutane da suka matsa. Amma kai in ta rikice maka da daddare zaka gyara abinka kafin asuba, Malama fa? Microsoft da kansu sun rubuta cewa kwamfutar da aka sa wa 11 ba tare da ta cika sharaɗi ba, basu ɗauki alkawarin turo mata sabuntawa ba. Sannan duk shekara suna fitar da sabon zubin Windows 11, kowanne wata 24 ake kula da shi, irin taka kuma ba ya sauko mata da kansa, sai ka sake ɗaukar filash. Wanda bai san wannan ba zai zauna yana ganin 11 ne a kai ai lafiya, alhali tsaron ya tsaya tuntuni. Linux Mint abu ne mai kyau, amma takardar sakamako mai tebura da tambarin makaranta da aka tsara a Word takan ɗan goce in an buɗe a LibreOffice, ga firintar makaranta. Sai ta samu mai zama da ita ya koya mata.

Baba na Gwallameji, cire su daga intanet da kayi dabara ce, amma shagonka filash ɗin ɗalibai nawa ke shiga su a rana? Ta nan ma bairos ke shiga. Kuma kar a raina maganar gyaran tsaron nan. A watan Mayu 2017 wani bairos mai suna WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150 yana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali an fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, waɗanda basu sa ba su ya kama.

Malamar Fadaman Mada:

Nagode ƙwarai Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na duba, an rubuta i5-6300U, ram 8GB, kenan bata kai ba ko? Raina ya ɗan sosu gaskiya dan yanzu ba halin sayen wata. Amma na sayi filash ɗin jiya da yamma na kwafe komai, na kai gidan yayata muka sa a ta ɗanta, muryar Baba ta fito tas har inda yake tari yana cewa yara su matso kusa, muka zauna muka saurara har ƙarshe. Yanzu meye abin yi?

Mai gyara a Wunti:

Alhamdulillah, kin yi babban aikin. Eh zubi na 6 ce, bata kai ba, amma akwai hanya. Microsoft sun buɗe wani tsari da suke kira ESU, ƙarin gyaran tsaro na shekara ɗaya ga masu Windows 10 har zuwa 13 ga Oktoba 2026. Ki danna madannin Windows da R tare, ki rubuta winver, ki tabbatar an rubuta 22H2 kuma Home ne ko Pro, in ƙasa da haka ne ki bar ta ta gama sabuntawarta tukuna. Sai ki shiga Settings, Update & Security, Windows Update, zaki ga Enroll now. Zai nemi ki shiga da asusun Microsoft, in kika yarda ya ajiye saitin kwamfutarki a asusun kyauta ne, in ba haka ba dala 30 ne. Ki zaɓi na kyautan. Ki rubuta imel ɗin da kalmar sirrin a littafi ki adana a gida, dan ranar da kika samu mai 11 zaki buƙace shi, sababbin suna kulle ma'adana su ajiye mabuɗin a cikin asusun nan.

Tsakanin yanzu da lokacin sai ki riƙa ɗan tari a hankali. In kin tashi saye ta hannu, kar ki tsaya ga kyan jiki ko a ce miki ai Core i7 ce, i7 zubi na 4 ma akwai, ki sa a kunna a gabanki ki karanta lambar da kanki, 8 zuwa sama, ram 8GB, da SSD. In kika ga 11 a kan mai lamba 6 to tura shi aka yi.

Malamar Fadaman Mada:

22H2 ne, Pro. Da farko ban ga Enroll now ɗin ba sai da na bar ta ta sauke wasu abubuwa ta kashe kanta sau biyu, a makarantarmu nayi dan akwai sola a ofishin shugaba. Yanzu ya rubuta min cewa an yi rijista. Littafin ma na rubuta na sa a cikin akwatin takardun gida. Ɗan yayata na ce masa ya bar fomatin ɗin, sai dai ranar Asabar zai raka ni Wunti mu tambayi kuɗin batir.