Ɗana ya fara tambayar amfanin addu'a, yaya zan riƙe shi cikin bangaskiya?

Baban Yara, Birnin Kebbi:

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ni mutumin ƙasar Zuru ne, amma aiki ya kawo ni Birnin Kebbi, kuma a nan muka haifi 'ya'yanmu. Babban ɗana yana da shekara 15. Ba ya ƙin zuwa majami'a ranar Lahadi, ba ya kuma yi mini rashin kunya, sai dai tun da ya sami wayar hannu na lura zuciyarsa ta yi sanyi. Kwanan baya, bayan mahaifiyarsa ta yi addu'a a kan abinci, ya tambaye ni cikin natsuwa ko akwai abin da addu'a take canjawa, tun da yake waɗanda ba su yin ta ma suna ci suna ƙoshi. Da na bincika, na gane daga bidiyon wasu mutanen Amurka da Ingila masu cewa babu Allah yake ɗauko irin wannan magana. Mahaifiyarsa tana so a karɓe wayar, ni kuwa ina tsoron kada hakan ya rufe bakinsa alhali tambayar tana nan a ransa. Ina roƙon shawarar iyaye da dattawa.

Tsohon Malamin Makaranta, Zuru:

Ɗana, salama dai. Kafin mu ɗora wa waya laifi, zan yi maka tambaya: da wane harshe yaron yake karanta Littafi Mai Tsarki? Na yi wannan tambaya ne domin na ga abin da ke faruwa da jikokinmu da aka haifa a birni. C'lela, harshenmu na ƙasar Zuru, ba su iya ba sai gaisuwa, Hausa suna jin ta a baka amma ba a koya musu karanta ta ba, Turancin tsohuwar fassarar da ake karantawa a wasu majami'u kuwa ya fi ƙarfin ɗan sakandare. Saboda haka yaro yakan kai shekara 15 yana riƙe da littafin kowace Lahadi, amma bai taɓa karanta babi ɗaya ya fahimce shi da kansa ba. Mai bidiyon nan kuwa yana yi masa magana da Turanci mai sauƙi, yana haɗawa da dariya, kuma yana tare da shi har cikin ɗakin kwana.

Iyayenmu ba haka suka taso ba. An kammala buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kuma a ƙasarmu, inda 'yan mishan da suka kafa ikkilisiyar UMCA suka yi aiki, mutane da yawa da shi suka koyi karatu tun daga baƙaƙe. Manomi yakan dawo daga gona, ya zauna kusa da fitilar ƙwai, ya bi layi da yatsa yana haɗa kalma da kalma, yara na kewaye da shi suna ji. Ba su da ilimin tauhidi, amma abin da suka karanta ya zama nasu.

Maimaitawar Shari'a sura 6 ba ta miƙa wannan aiki ga firist ba. Iyaye ta umarta su koya wa 'ya'yansu maganar Allah sa'ad da suke zaune a gida, da sa'ad da suke tafiya a hanya, da lokacin kwanciya da na tashi. Shawarata ita ce ka tsayar da sujadar iyali kowane dare, ko da ta minti 15 ce, kuma kada ka mai da ita wa'azi. Ka ba yaron shi ya karanta, a fassarar da yake ganewa, sa'an nan ka tambaye shi abin da ya fahimta da abin da bai yarda da shi ba. Ku fara da littafin Daniyel, domin shi ma saurayi ne da aka kai Babila, aka canja masa suna, aka koya masa harshe da ilimin Kaldiyawa, ya kuma yi fice a karatun, amma bai bar yin addu'a sau uku a rana ba. Yaron da yake zaton ilimi da bangaskiya ba su zama wuri ɗaya yana bukatar ya san wannan labari da kyau.

Mama Zumunta, Yawuri:

Baba, na yarda da maganarka, amma ku yi mini haƙuri, ina bayan mahaifiyar yaron. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba masu musun Allah kaɗai ke cikin wayar nan ba, akwai hotunan batsa, akwai cacar ƙwallo da ta cinye kuɗin makarantar yara da yawa, kuma mu mata mu ne muke jin kukan iyaye a taron Zumuntar Mata. A gidana, da ƙarfe 9 na dare kowace waya tana kwana a ɗakina, har da ta mahaifinsu, domin yaro ba ya bin dokar da ya ga babba yana karyawa. Ku tuna Manzo Bulus ya ce bangaskiyar Timoti ta fara zama ne a cikin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki. Idan uwa ta ga haɗari, a saurare ta.

Ɗan FCS (ƙungiyar zumuntar ɗalibai Kirista), Aliero:

Ina gaida Baba da Mama, kuma ina roƙon izini in yi magana a matsayin wanda shekarunsa ba su yi nisa da na yaron ba. Dokar ƙarfe 9 tana da kyau, amma karɓe wayar gaba ɗaya saboda ya yi tambaya zai koya masa cewa tambaya laifi ce, kuma daga ranar zai riƙa kai tambayoyinsa wurin da ba ku gani. A jami'a na ga 'ya'yan fastoci da na dattawan ikkilisiya da suka daina zuwa sujada tun zangon farko, ba don wani ya rinjaye su da hujja ba, sai don a gida tsoro ne yake kai su majami'a, da mai tsawatawa ya yi nisa kuwa sai komai ya tsaya. Afisawa 6:4 ta gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi, a aya ɗaya da umarnin a yi renonsu cikin horon Ubangiji.

Akwai wani abu da ya kamata mu duba ba tare da ƙyashi ba. Maƙwabtanmu Musulmi a Kebbi suna tura 'ya'yansu Islamiyya kusan kowace yamma in ban da Alhamis da Juma'a, mu kuwa mun dogara ga makarantar Lahadi ta awa ɗaya a mako, wadda sau da yawa ake barin ta a hannun duk wanda ya samu sarari. A wasu makarantun kuma babu malamin darasin addinin Kirista ko ɗaya. Idan aka auna awa ɗaya da sa'o'in da yaro ke yi a TikTok, ba abin mamaki ba ne a ga wanda ya fi tasiri.

Don haka, Baban Yara, ka nema masa abokai masu bi waɗanda suka ɗan girme shi. FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, saboda ɗaliban sakandare irinsa aka yi ta, akwai kuma ƙungiyar yara maza ta Boys' Brigade da ƙungiyar matasa a majami'u da yawa. Game da tambayarsa kuwa, ka zauna ku kalli bidiyon tare, ka bar shi ya faɗi abin da ya burge shi a ciki. Amsar tana cikin Matiyu 5:45, inda Yesu da kansa ya ce Allah yana sa rana ta fito wa mugaye da nagargaru, yana kuma sauko da ruwa ga masu adalci da marasa adalci. Wato abin da yaron ya lura da shi gaskiya ne, kuskuren yana wurin ɗaukar addu'a a matsayin kuɗin sayen abinci, alhali godiya ce ga wanda ya bayar.

Baban Yara, Birnin Kebbi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku. Mun yi shawara da mahaifiyarsa, za mu ɗauki dokar Mama ta dare, za mu kuma fara karatun Daniyel a wannan mako. Baba Malam, tambayarka ta harshe ta tsaya mini a rai. Ƙannensa biyu suna firamare, kuma ba su iya karanta Hausa ba tukuna. Shin in fara koya musu da Littafi Mai Tsarki na Hausa kai tsaye, ko kuwa in fara da littafin waƙoƙin sujada, tun da sun riga sun haddace wasu waƙoƙin a baka?