Yaro na borin jini in ya ci gyaɗa: wane gwaji ya kamata a yi?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 4 in ya ci ƙuli-ƙuli ko kunun gyaɗa, kafin rabin awa jikinsa ya yi rudu-rudu, leɓe ya kumbura. Piriton nake ba shi ya lafa. Wani ɗakin gwaji sun ce suna da na jini da ke duba abinci sama da kala 100 lokaci guda. Shi zan yi, ko akwai wanda ya fi shi?

Likitar Yara:
Wa alaikumus salam Maman Sadiq, Allah Ya ba shi lafiya. Bayanin nan da kika yi shi ne rabin gwajin: abinci guda sananne, alamu cikin ƙasa da awa 2, kuma yana maimaituwa. Don haka gyaɗa za a gwada, ba abinci ɗari ba.

Gwajin fata ya fi na jini sauri. A cikin damtsen hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, ake ɗiga ruwan gyaɗa na gwaji, a ɗan tsikari fatar ta cikin ɗigon da ƙaramin tsinke, ba ya ko fid da jini. Gefensa ana ɗiga wasu biyu: histamin, sinadarin da ke jawo kumburin borin jini, wanda dole ya tashi, da ruwan gishiri, wanda bai kamata ya tashi ba. Bayan minti 15 sai a auna kumburin da rula. In na gyaɗa ya ɗara na ruwan gishiri da milimita 3 ko fiye, ya nuna. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, tudun ake aunawa, a shafa da yatsa, a haska fitila ta gefe.

Inda aka fi samun matsala shi ne magani. Piriton, setirizin da loratadin suna danne kumburin, sai a ce lafiya lau alhali ba haka ba. A dakatar da su kamar mako guda kafin ranar. Ki duba kwalaben gida ma: yawancin maganin tari da mura na yara, da sirop ɗin buɗe ciki mai sifroheptadin, duk suna da irin wannan sinadarin, kuma iyaye ba sa lissafa su. In histamin bai tashi ba, gwajin ya ɓaci, sai an sake. In kuma borin da ya yi na ƙarshe mai tsanani ne, a bari mako 4 zuwa 6 su wuce.

Ɗan Lab:
Hajiya, ki tambaye su wannan kafin ki biya: IgE suke aunawa ko IgG? Dukkansu sinadaran garkuwar jiki ne a cikin jini, amma IgE ne mai alaƙa da irin wannan borin. Yawancin masu jerin abinci ɗari IgG ne, shi kuwa alama ce kawai ta cewa mutum yana cin abin. Za ki fito da takarda an ja wa shinkafa, ƙwai da madara jan layi, ki hana yaro abinci a banza, ya rame.

Abin da za a rubuta miki shi ne IgE na gyaɗa kaɗai. Jini kaɗan ake ɗiba daga jijiya, ba sai da azumi ba, kuma Piriton ba ya taɓa sakamakon, shi ya sa ya dace da yaron da ba a iya tsayar wa magani ko mai ƙyasbi da kirci a hannu. Daga 0.35 ake cewa ya nuna, amma nunawa daban, ciwo daban. Binciken da aka yi kan 'yan makaranta a Ghana ya samu yara da yawa masu IgE na gyaɗa suna cin ta lafiya, kuma an danganta hakan da tsargiya, domin garkuwar da jiki ke yi wa tsutsar tana kama wani sukari da ke jikin furotin ɗin gyaɗa. Yaron da ke wanka a rafi ko dam, a faɗa wa likita. Inda ake yin gwajin Ara h 2, wato IgE na wani furotin guda a cikin gyaɗa, ya fi tantancewa. Girman lambar kuma ba ya faɗin tsananin borin da zai zo.

Maman Sadiq:
Na gode ƙwarai. To in gwajin bai nuna komai ba, in ɗan ba shi kaɗan a gida in gani?

Likitar Yara:
A'a, don Allah kar ki yi. Wannan gwajin ciyarwa ne, kuma a asibiti ake yin sa, yaro yana cikin ƙoshin lafiya, ba mura ba asma. Ana farawa da ɗan mitsitsi, a riƙa ƙarawa duk minti 15 zuwa 30, sannan a zauna awa 2 bayan na ƙarshe, da allurar adirenalin, ta ceto in borin ya yi tsanani, a kusa.

Kafin nan a janye gyaɗa gaba ɗaya, har da inda take ɓuya: yajin tsire da kilishi, miyar taushe, ɗanwake da man ƙuli, da man gyaɗa na gida, wanda ba a tace furotin ɗinsa ba. Ki sanar da makaranta da islamiyya. In kin ji numfashinsa na shaƙewa, murya ta dushe, ko ya yi ta amai ya langaɓe, Piriton ba zai yi ba. Adirenalin ake yi a tsokar cinya ta waje, miligiram 0.15 ga mai shekarunsa, a tafi asibiti nan take, kuma kar a tsayar da shi ko a sa shi tafiya da ƙafarsa.