Mita zan fara saya ko sikana? A ba ni shawara

Assalamu alaikum iyayen gida. Shekara huɗu na yi ina koyon wayarin mota a Agege, watan jiya Oga ya yaye ni. Na tara naira dubu 150 ta kayan aiki. A garejinmu duk wanda ya shigo da tokumbo, wato motar hannu da aka kawo daga waje, tambayarsa ta farko: "Kana da kwamfuta?" In ka ce babu sai ya juya. Zuciyata tana kan in zuba kuɗin duka a sikana, wato kwamfutar da ake jonawa a mota ta nuna lambar matsala, amma ko mitar awon wuta tawa ta kaina ba ni da ita, ta Oga nake ara. Me za ku ce?

Wani dattijo mai gareji a Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Allah Ya sa albarka, yaro. Mita da fitilar gwaji tukuna. Ba a fara gini daga rufi. Batir mai lafiya, mota a kashe, zai ba ka kusan volt 12.6, in an tayar ya hau wajen 14. Da wannan kaɗai ka raba gardamar batir da alteneta. Bara an kawo min Corolla da ke kwana batir ya mutu, an sauya mata batir biyu. Na cire kan negatif, na sa mita a tsakani, na bar motar ta yi shiru. Abin da ya kamata ya tsaya ƙasa da miliamp 50 na wutar da mota ke ja sai ga shi ya ninka sau goma. Na bi fiyus ɗaya bayan ɗaya ina zarewa. Ashe fitilar but ce ba ta mutuwa. Wace sikana ce za ta gaya maka wannan?

Wani daga Ladipo, kasuwar kayan mota:
Baba ya yi gaskiya, amma kada ka zauna babu sikana ko ƙarama. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 suna da soket ɗin OBD2, inda ake jona sikana, mai rami 16, a ƙarƙashin sitiyari. 'Yar ƙaramar sikana ELM327 da ake haɗawa da wayar salula tana karanta lambar matsalar inji ta goge, sai dai yawanci ba ta shiga ABS na birki ko jakar iska, kuma jabunta sun fi na kirki yawa. In kuɗi ya zauna sai ka nemi babbar sikana ta Launch ko Autel. Ka je da mota, a jona a gabanka kafin ka biya. Ka kuma tambayi sabunta manhajarta, shekara nawa ce kyauta, don nan ake cin mutane.

Mai tambaya:
Yaya, ta hannu fa? An yi min tayin wata a rabin kuɗi.

Na Ladipo:
In tana kan rajistar wani, ka bar masa kayarsa. Na taɓa sayen irinta, ta zama dutsen danne takarda.

Wani bakanike daga Mile 12:
Ni abin da ke ba ni haushi, masu sikana da ba sa awo. Ta nuna P0171, sai su ce a sayi sensa. Lambar cewa ta yi iska ta fi mai yawa, ƙila tiyo ne ya tsage. Ga Legas da ruwa: mota ta ratsa ambaliya, wayar da aka ɗaure a bodi ta yi tsatsa, lambobi goma su fito, alhali goge waya ɗaya ne maganin. Kuma fitilar gwaji mai ƙwan gilashi, kada ka kuskura ka soka ta a wayar birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ko wayoyin nan masu ruwan ɗorawa na jakar iska.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Asabar zan shiga Ladipo in ɗauki mita da fitila da 'yar ƙaramar. Baba, in na zo Idi-Araba za ka nuna min awon nan na fiyus?

Dattijo:
Ka zo bayan La'asar. Ka taho da fiyus na mitar guda biyu, sabon hannu sai ya ƙona ɗaya.