Tsohon rediyon Baba: in gyara ko in ba 'yan gwangwan?

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Assalamu alaikum jama'a. Muna kwashe kayan ɗakin marigayi Babanmu na tarar da rediyonsa ƙarƙashin gado, an naɗe shi da bargo. Pioneer ne, SX-780, fuskarsa fara kamar azurfa, ga allurai biyu masu rawa in kiɗa ya tashi. Da shi muka girma. In Baba ya jona kaset ya sa kiɗan kotso bayan la'asar, daga zaure kana jin bugun a ƙirjinka. Sifikar Bluetooth ɗina ta fi shi ihu, amma kalangu a cikinta kamar ana dukan kwano. Wani ɗan gwangwan ya taya, uwargida ta ce in sallama, zuciyata ta ƙi. Zai gyaru? Kuma shi ne irin na da ɗin nan da ake yabo, mai kwalba, wato mai 'yan kwalaben gilashi a ciki masu ƙara ƙarfin sauti?

Mai Gyara, Ƙaura Namoda:
Allah ya jiƙan Baba. Kada ka jona shi wuta tukuna. Juya bayansa ka karanta. In 120 kaɗai aka rubuta, na kasuwar Amurka ne, tamu kuwa 230 ce, kana jonawa sai hayaƙi, dole sai da taransifoma mai rage wuta. Ba mai kwalba ba ne, taransista ne, ƙirar wajen 1978, wat 45 kowane gefe. Kada ka raina 45 ɗin nan, na gaskiya ne, ba irin dubban da ake zanawa a kwalin kayan yanzu ba. Abin da ke mutuwa a ciki kafasitoci ne, wato 'yan guntaye masu tara wuta, sun bushe da shekaru, a canza su. Ƙarar da za ka ji in ka murɗa maɓalli ƙurar hunturu ce, a fesa mata mai wanke maɓalli ta tafi. Inda nake jin tsoro shi ne wasu baƙaƙen guntaye biyu, STK-0050, su ke tura sauti zuwa sifika. In sun ƙone, jabunsu ya fi na kirki yawa.

Dattijo, Argungu:
Yaro, mai kwalba daban ne. A gidanmu akwai Grundig, kana kunnawa ka je ka yi alwala ka dawo kafin ya buɗe baki, sai kwalaben sun yi ja. Muryar mai karanta labarai kan fito da taushi, kamar yana zaune kan tabarmarka. Masana sun ce kwalba tana ƙara wa sauti ɗan abin da babu shi a asali, kunne ne kawai ke son abin. Turawa har yau suna neman injin ƙara sautin nan Dynaco ST-70 na 1959, mai kwalaben EL34 huɗu, wat 35 kowane gefe. Amma a zafin Afrilun nan namu? Murhu ka sa a ɗaka. Cikinsa wuta ta haura bolt 400, tana iya zama ko bayan an cire waya, kuma ba a kunna shi babu sifika a jone. Riƙe na mahaifinka, ya ishe ka.

Maman Ihsan, Birnin Kebbi:
Ni dai ina bayan uwargida. Wutar da ba ta kwana, da me za ku kunna shi? Ba sautin kuke nema ba, Baba kuke kewa.

Ɗan Tudun Wada, Gusau:
Maman Ihsan, kin faɗi gaskiya, amma rabi. Mai Gyara, na duba, akwai maɓallin canza wuta a baya, yana kan 220. Ban jona ba. Asabar in sha Allahu zan shigo motar Ƙaura da shi, ina shagonka yake daga tasha?