Bulala ce ke gyara yaro, ko fahimta?

Kawu (Aboabo): Salamu alaikum jama'a. Tun da hukumar ilimi ta Gana ta hana dukan yara a makarantu a 2017, tarbiyya ta zube. Yaro ya wuce babba ko gaisuwa babu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malama (Asawase): Wa alaikumus salam. Kawu, a gafarce ni. Samarin zangonmu da tramol ya kama, ba su sha bulala a makarantar allo ba? Sun sha har ta ishe su. Tsoron idon malam ta koya musu, da ya juya baya shi ke nan.

Kawu: To hadisin da ya ce a umarci yara da salla a shekara 7, a dake su a kanta a shekara 10 fa?

Malama: Duba tazarar, Kawu. Shekara uku cur ana koyarwa ana lallashi kafin a zo batun duka. Mu kuwa da duka muke farawa. Anas bin Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10, bai taɓa ce masa ko tir ba.

Direba (Sawaba): Malama, ki zo titin Kejetia, babbar kasuwar Kumasi, ki gani. Babu direban trotro, wato ƙaramar bas ta haya, da bai san lodin wuce kima haɗari ne ba. Sanin yana nan, amma wani sai ya hango ɗan sanda yake shiga taitayinsa.

Alaramma: Gaskiya ne ɗana, doka ba ta faɗuwa. Amma me ke zuwa farko? Nana A'isha ta ce da a ce abin da aka fara saukarwa shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za mu bar giya ba har abada. Ayoyin Aljanna da wuta aka fara saukarwa, sai da zukata suka karkata ga Musulunci sannan halal da haram suka sauka. Yana cikin Bukhari.

Kawu: Na ji, Allah gafarta Malam. Amma malami ɗaya, yara cike da zaure, yaushe zai fahimtar da kowa?

Malama: Wannan kam nauyinmu ne iyaye. Mu biya kuɗin Laraba a kan lokaci, a ƙaro malami. Kawu, kai ne babba, ka kawo maganar a taron iyaye ranar Asabar.

Kawu: Zan kawo, in sha Allahu. Amma dorina tana nan a rataye tukuna.